Kiri-Kiri Ta Shaƙe Mini Lambu, Yaya Zan Yi Da Ita?

A wannan mako wasiƙu uku za mu haɗa mu amsa gaba ɗaya, domin ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, kukan da ke cikinsu kusan iri ɗaya ne.

Ta farko ta fito ne daga wani dattijo a Dangora, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Ya ce bayan ya yi ritaya ya ɗebi wani kaso daga kuɗin sallamarsa ya kafa lambu a bayan gari, ya dasa gwaiba da lemon tsami da rumman, ya kewaye da shingen lalle. Bana shekara biyu ke nan, to amma kiri-kiri ta shimfiɗe lambun kamar an baza tabarma, ta shige gindin kowane dashe, har ganyen lemon ya fara komawa rawaya. Sau uku yana sa 'yan ƙwadago su nome, amma duk sa'ad da suka nome sai ta dawo fiye da da. Yanzu wani mai sayar da magani a kasuwa ya nuna masa wanda ya ce yana ƙone ciyawa a yini ɗaya, shi ne yake tambaya ko ya saya ya fesa.

Ta biyu daga wani saurayi ce mai lambu a kusa da Tiga, ƙasar Bebeji, shi kuma aya-aya ce ta addabe shi a tsakanin dashen gwaibarsa. Ta uku kuwa wata baiwar Allah ce daga Tudun Wada, tana da lalle da zogale a bayan ɗakinta, balasa ta lulluɓe wurin, in ta cire ta zubar yau, jibi sai ta tarar ta sake kamawa.

To Baba na Dangora, da kai za mu fara, kuma a kanka za mu fi daɗewa. Amsar tambayarka a taƙaice ita ce, kada ka sayi wannan magani. Dalili yana nan tafe, amma sai mun fara sanin halin ciyawar tukuna.

Mu manoma mun saba da ciyayi irin su harkiya da guɗe-guɗe da ƙarangiya. Waɗannan daga iri suke fitowa, su girma, su zubar da iri, su mutu a shekarar. In ka nome su kafin su yi 'ya'ya, rana ta buge su, shi ke nan ka rabu da su. Kiri-kiri ba haka take ba. Ita ba ta dogara da iri ba. Tana da yaɗo iri biyu, ɗaya yana rarrafe a bisa ƙasa, wanda kowa yake gani, ɗaya kuma yana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, fari fat, mai tauri kamar waya. Mutane suna kiransa saiwa, amma in ka tono shi ka duba da kyau za ka ga ba saiwa ba ne, kara ne mai gaɓa-gaɓa, kuma a kowace gaɓa akwai ido. Mutumin Kiru da Bebeji ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin ya san yadda ake dasa rake: a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da idonta, a binne a ƙasa mai laima, ta tsiro. To abin da 'yan ƙwadagonka suka yi maka ke nan har sau uku. Fartanya ta daddatsa yaɗon, ta juye ƙasa a kansa, ga danshin damina ko na ban-ruwa. Watau dai ka biya kuɗi an dasa maka kiri-kiri. Ba laifinsu ba ne, noman da suka sani suka yi.

Kada kuma ka ɗauka kai kaɗai ta dama. A shekarar 1977 wani masanin ciyayi na ƙasar Amurka mai suna LeRoy Holm, shi da abokan aikinsa, sun wallafa littafi a kan ciyayin da suka fi cutar da noma a duniya. Aya-aya ce ta zo ta ɗaya, kiri-kiri ta biyu, tuji ta biyar, tofa ta bakwai. Ka ga duk 'yan gida ne, babu baƙuwa a cikinsu.

Ɓarnar da take yi wa dashe kuwa ga yadda take. Lemo da gwaiba, musamman suna ƙanana, saiwoyinsu na cin abinci ba su da zurfi, siraran jijiyoyi ne da suke bazuwa a ƙasar sama. A daidai nan kiri-kiri take saƙa tata tabarmar. Ka zuba ruwa, ita za ta fara sha. Ka zuba taki, ita za ta fara ci. Shi ya sa za ka ga ciyawar kore shar, dashen kuma ya tsaya cak, tsofaffin ganyensa suna komawa rawaya. Wannan yunwa ce. Mai lambu in ya ga haka yakan ƙara yuriya, to ciyawar yake ƙara wa ƙarfi.

Sai dai duk taurin kanta, abu biyu ne ba ta iya jurewa. Na farko, a fito da yaɗonta na ƙarƙashi sarari rana da iska su busar da shi. A cikin ƙasa yana iya kwanciya rani guda cur kamar ya mutu, ruwan farko na sauka ya farka. Amma in an tono shi an baza, hunturu ya bi ta kansa, ya mutu ke nan. Na biyu, inuwa. Ku duba ƙarƙashin babban mangwaro ko tsamiya mai duhu, da wuya ku ga kiri-kiri ta yi kauri a wurin. Ciyawar rana ce. Duk dabarar da za mu faɗa a kan waɗannan abubuwa biyu aka gina ta.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen damina, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta riga ta ƙeƙashe ba. In an makara har ta yi tauri, a ɗan jiƙa ta da yamma, a haƙa da safe. A tsakanin layukan dashe, inda babu saiwar itace, a ajiye fartanya a ɗauki babban cokali mai yatsu na haƙa, in babu shi a yi da diga. Ba sara ake so ba, ɗagawa ake so. A soka, a ɗaga ƙasar zurfin kamar taƙi ɗaya, watau santimita 20 zuwa 25, a girgiza, a zaro yaɗon da tsawonsa gwargwadon iko, a bi da manjagara a tattara. Abin da aka tara kada a jibge shi a gefen lambu, kada kuma a zuba shi a ramin taki. A kai wa dabbobi, doki da tumaki suna sonta ƙwarai, ko kuma a baza a kan dutse ko busasshen fili har ta bushe ƙayau, sa'an nan a ƙone ta nesa da dashe. Bayan mako biyu a sake juya ƙasar, domin wanda ya ɓuya a karon farko ya fito shi ma ya sha rana.

A gindin dashe kuwa, nan wurin haƙuri ne. A auna kamar mita ɗaya daga jikin itacen ta kowane gefe, a cikin wannan da'ira ba diga ba garma. A jiƙa ƙasar, a durƙusa, a bi yaɗon da hannu da ɗan tsinken ƙarfe ko ƙaramar wuƙa, a zaro shi sannu a hankali. Na san wani zai ce wannan ai wahala ce, kuma gaskiya ne. Amma lemo ba ya yafe rauni. In fartanya ta sassari gindinsa ko ta yanke manyan saiwoyinsa, ta nan cutar nan take shiga wadda za ka ga ƙaro yana tsiyaya daga jikin itacen, ɓawon ya ruɓe, itacen ya bushe a tsaye. Garin gyaran gira kada a rasa ido. In dashen yana da yawa, a raba shi, a yi biyar yau, biyar gobe.

Da zarar an tsabtace gindi, kada a bar shi tsirara, a rufe shi. Abin da ya fi sauƙi shi ne kwali, irin na sabulu ko na taliya da masu kanti suke zubarwa. A cire ledar da ke manne a jiki, a shimfiɗa biyu-biyu, bakin wannan ya hau kan wancan sosai yadda haske ba zai sami kafa ba, a jiƙa, sa'an nan a zuba abin rufi a kai, kaurin faɗin tafin hannu. Ku mutanen kudancin Kano Allah ya hore muku abin rufi. Ga buntun shinkafa jibge a wajen masu injin casa a Tudun Wada, wanda ya kwana biyu ya fara ruɓewa ya fi kyau don iska ba ta kwashe shi. Ga busasshen ganyen rake, ga karan masara in an daddatsa. Amma ku lura, buntu shi kaɗai ba tare da kwali ba, ba ya tare kiri-kiri, ta cikinsa za ta ratso ta hau kai ta yi zamanta.

Na san abin da ke ran masu saurare yanzu: gara. Gaskiya ne, kwali da busasshen kara abincinta ne, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Saboda haka a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin abin rufin da jikin itacen, kada ya taɓa shi ko kaɗan. Wannan tazara tana kuma hana gindin lemo zama cikin laima kullum, wanda shi ma yana jawo ruɓewa. A riƙa ɗaga gefen kwalin ana dubawa mako-mako. Gara ta fi afka wa dashen da ƙishirwa ta raunana, don haka kada a yi wasa da ban-ruwa. Ruwan kuma a zuba shi a kwarin gindi kawai. Mai malala ruwa ko'ina cikin lambu da rani, shi yake raya wa kansa ciyawar da hunturu ya kamata ya kashe.

Filin da ke tsakanin layuka, idan damina ta faɗi, a ba shi abin da zai yi masa inuwa. Wake mai yaɗo, ko dankali, ko kabewa. Ga inuwa, ga abin kai wa gida, wake kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sai dai a riƙa janye yaɗon daga jikin dashe kada ya hau. A Jamhuriyar Benin, daga ƙarshen shekarun 1980, manoma tare da masu bincike na cibiyar IITA sun yi amfani da wani irin ƙarara marar ƙaiƙayi suka danne tofa a gonakinsu. Dabarar ɗaya ce, a hana ciyawar ganin rana. Amma ban ba mai ƙananan dashe shawarar ƙarara ba, domin tana hawa, kafin ka ankara ta lulluɓe gwaibar ita ma.

Akwai kuma maganar iyaka. Ko ka share lambunka tas, in maƙwabcinka ko gefen hanya cike yake da kiri-kiri, za ta rarrafo ta ƙarƙashin shingen lallen nan ta dawo. A haƙa ɗan rami siriri a kewaye, zurfin kamu ɗaya ko kusa da haka, a bar shi buɗe, duk yaɗon da ya leƙo a datse shi. Mai tsohon kwanon rufi yana iya yanka shi ya kafa a tsaye a cikin ramin, ya bar bakinsa sama da ƙasa kaɗan.

To yanzu sai maganar magani, wadda ita ce ainihin tambayar Baba.

Maganin da yake ƙone ciyawa a yini ɗaya, galibi farakwat ne, wanda manoma suka fi sani da sunan Gramoxone. Aikinsa shi ne ya ƙone duk koren da ya taɓa, iyakarsa ke nan, ba ya gangarawa ƙasa. Ciyawa mai yaɗo a ƙarƙashi kuwa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Bayan mako biyu ko uku za ka gan ta ta tsiro sabuwa fil, in kuma iska ta kaɗa feshin ya taɓa ganyen dashenka, shi ma ya ƙone. Wannan ita ce ƙaramar illar. Babbar ita ce, guba ce da ba ta da makari. Kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, likita yana kallo babu abin da zai iya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da shi tun 2007, a nan gida kuma hukumar NAFDAC ta haramta shi daga farkon shekarar 2024. In har yanzu wani yana miƙo maka shi a kasuwa, ka ce masa ka gode.

Magani na biyu shi ne gilaifoset, wanda yake cikin Roundup da Force Up da ire-irensu. Tun 1974 aka fara sayar da shi. Shi wannan ta ganye yake shiga, ya bi jikin ciyawar ya gangara har cikin yaɗon ƙasa. Saboda haka yana yi wa kiri-kiri aiki, amma da sharuɗɗa, kuma yawancin masu cewa sun fesa bai yi ba, ɗaya daga cikin sharuɗɗan suka karya. Sai ciyawar tana kore tana cikin girma, ba wadda ƙishirwa ta kama ko aka nome jiya ba. Watan Satumba ya fi dacewa, lokacin da take tura abinci ƙasa tana tanadin rani, sai maganin ya bi abincin. Sai an dama shi da ruwa mai tsabta, domin laka tana kama shi ta kashe masa ƙarfi. Mai ɗebo jan ruwan kududdufi ya zuba a tankin feshi ya yi asarar kuɗinsa. Sai an sami kamar awa shida ba a yi ruwan sama ba. Sa'an nan kada a taɓa ciyawar har mako biyu, ko da an ga kamar babu abin da ya same ta a kwanakin farko. Bayan nan ne za a shiga haƙar da muka yi bayani. Ma'auni kuwa a bi abin da ke rubuce a jikin robar, a duba wanda aka tanada domin ciyayi masu daɗewa, don ya fi na sauran yawa.

Hatsarinsa a lambu shi ne bai san nawa da naka ba. Duk koren da ya taɓa zai shiga, har da ɗanyen ɓawon ƙaramin dashe da 'yan tohon da ke fitowa daga gindin gwaiba da rumman. Don haka a yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi, a sassauta ƙarfin famfo, a sunkuyar da bakin kusa da ƙasa, wani kuma ya riƙa kare dashen da faifan kwano ko kwali. Kusa da itace kuwa a ajiye tanki, a ɗaura tsumma a kan sanda, a tsoma, a shafa wa ciyawar. A sa safar hannu ta roba da takalmi da riga mai dogon hannu, a rufe hanci, a yi wanka bayan an gama. A shekarar 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilaifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar, wasu hukumomin kuma suka ce in an bi ƙa'ida ba su ga wannan hatsari ba. Tun da masana ba su daidaita ba, ni dai a ganina mai hankali ya rufe jikinsa.

Akwai na uku, wanda a ra'ayina shi ya fi dacewa da lambun Baba in har sai an yi feshi, amma manoma da yawa ba su san shi ba. Shi ne irin su Fusilade da Gallant Super. Waɗannan dangin ciyawa mai siririn ganye kawai suke kashewa, ba sa taɓa mai faffaɗan ganye irin gwaiba da lemo da lalle. Ba su da gaggawa, sai mako biyu zuwa uku ake ganin ta bushe. In kana so ka san ko ya kama, bayan mako guda ka ja sabon ganyen tsakiya, in ya zaro da sauƙi ka ga gindinsa ya yi baƙi-baƙi, to aiki yana tafiya. Sau ɗaya ba ya isa, sai an maimaita in ta sake toho. A tuna kuma masara da dawa da gero da rake da shinkafa duk dangin ciyawa ne a wurinsa, zai kashe su. In dashen ya fara 'ya'ya, a duba kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka.

Wani abu da nake so mutanen yankin nan su riƙe, tun da ƙasar masara da shinkafa ce: ragowar maganin gona ba na lambu ba ne. Wanda ake fesa wa masara bayan shuka yana daɗewa a ƙasa, saiwar dashe tana iya shan sa. Wanda ake kashe faffaɗan ganye da shi a gonar shinkafa kuwa, gwaiba da lalle da tumatir ai faffaɗan ganye gare su, ko ɗan abin da ya saura a tankin aro ya isa ya murɗe musu ganye. A wanke tanki da sabulu sau uku kafin a shiga lambu da shi. Kowane magani za a saya a duba lambar NAFDAC a jiki, kada a karɓi na awo a kwalbar lemo, in an sami malamin gona na KNARDA a nuna masa kafin a buɗe. Masu zuba gishiri ko baƙin mai, ƙasarsu suke kashewa, ba ciyawa ba. Masu cinna wuta a tsakanin dashe su ma itacen suke babbakewa, ita tana ƙasa lafiya lau.

Baba, gaskiyar magana ita ce wannan aiki ba na wata ɗaya ba ne. Ka sa ran damina biyu. A ta farko za ka ga tana ɓullowa nan da can daga guntayen da suka tsira, ka sa yaro ya riƙa zagayawa duk mako yana zarewa tun tana ganye biyu uku. Da zarar gwaibar ta yi rassa ta fara inuwa, ita da kanta za ta karɓi aikin. Kuma ba ko'ina za a raba ta da ƙasa ba. A bakin magudanar ruwa da gangare, musamman wajen Doguwa da Riruwai inda ƙasa take da tudu ruwa kuma yake da ƙarfi, kiri-kiri ita ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye. A can a bar ta, a dai datse mata iyaka. Ita ce fa ake shukawa da gangan a filayen ƙwallo na ƙasashe masu zafi.

Sai kai ƙanena na Tiga. Da farko ka tabbatar aya-aya ce. Ka tsinko karan ka murza a tsakanin yatsu, in ka ji yana da kusurwa uku, ita ce. 'Yar'uwar ayar da muke ci ce, sai dai 'ya'yanta na ƙasa baƙaƙe ne masu ɗaci. Wannan kusurwa uku tana da muhimmanci, domin tana nuna maka ba dangin kiri-kiri ba ce, saboda haka Fusilade da Gallant Super ba sa yi mata komai. Kada ka ɓata kuɗinka.

'Ya'yan nata a jere suke a ƙasa kamar carbi, siririyar jijiya ta haɗa su. Muddin jerin yana haɗe, kaɗan ne suke tsirowa, sauran suna barci. Ranar da fartanya ta tsinka jerin, sai na barcin su farka. Shi ya sa kake cire ɗaya biyar su fito. Gilaifoset ma wanda yake da ganye a sama kawai yake iya kaiwa gare shi, na barci yana nan yana jiran lokacinsa. Abin da yake kashe su shi ne bushewa. In an juyo su sama a tsakiyar rani, rana ta buge su mako ɗaya zuwa biyu, sun mutu. To amma kai mai ban-ruwa ne, ƙasarka ba ta bushewa, nan matsalarka take. Ka raba lambun, ka hana wani sashe ruwa in ban da kwarin gindin gwaiba, ka juya shi sau biyu ko uku a cikin Maris da Afrilu. Wadda ta tsiro kuma kada ka bari ta wuce ganye biyar, ka cire ta duk mako biyu. Kowane toho daga abincin da ke cikin ɗan yake fitowa, in ana cirewa kafin ya mayar da abin da ya ci, a hankali ɗan zai ƙare. Baƙar leda ba ta tare ta, tsininta yana huda leda kamar allura, kwali mai kauri ya fi. Ita ma ba ta son inuwa, don haka dankali ko wake mai yaɗo zai taimake ka. Akwai maganin da aka yi dominta a gonakin masara da rake, amma ba kowane dashe yake jure shi ba, sai da shawarar malamin gona.

Hajiya ta Tudun Wada, taki ta fi sauƙi, kuma ba ki bukatar magani ko kaɗan. Zogale abin ci ne, ga yara ga kaji a tsakar gida. Ko da ma kin fesa, balasa tana cikin ciyayin da gilaifoset ba ya yi wa kirki. Manoman auduga na jihar Jojiya a Amurka sun ga haka a farkon shekarun 2000, sa'ad da suka dogara da shi kaɗai, sauran ciyayi suka mutu, balasa ta gaje gonakin. Karanta cike yake da ruwa, shi ya sa in kin tuge kin yar a ƙasa mai laima takan yi kwanaki ba ta mutu ba, ta sake kafa saiwa ta gaɓa. Ki tuge ta bayan an yi ruwa, ki zuba a kwando ki fitar da ita gaba ɗaya, ki ba awaki, ko ki shanya a kan siminti. In kin tuge ki duba gindin, za ki ga wasu fararen zare masu 'yan ƙulli. Furanni ne da take yi a cikin ƙasa, ban da shuɗin nan na sama, kuma su ma suna yin iri. Ki tabbatar kin haɗa da su. Ita ba ta gudun inuwa kamar waɗancan biyun, laima take bi, saboda haka in ruwan wanke-wanke yana gangarawa wurin, ki sauya masa hanya.

Ga wanda kuma bai riga ya kafa lambu ba, yawancin waɗannan ciyayi mu muke kai su da hannunmu. Dashen da aka sayo a leda, a duba ƙasar da ke ciki kafin a sa a rami, sau da yawa akwai ɗan aya-aya ko guntun kiri-kiri a ciki. Ƙasar da aka ɗebo daga fadama a tankaɗe ta a shanya. Takin shanu da aka kwaso daga turke a tara shi ya ruɓe sosai tukuna. Filin kuma a share shi rani guda kafin a dasa komai, lokacin da garma za ta iya shiga ko'ina babu saiwar da ake tsoron yankewa.

Masu wasiƙa a kan tsutsar da ke huda 'ya'yan gwaiba, mun gani, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.